Yaushe mutum ke zama Kirista: ranar baftisma, ranar tuba, ko tun kafin nan?

Ishaku: Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ina da tambayar da nake so mu zauna a kanta da gaske. Mene ne ke sa mutum ya zama Kirista, kuma yaushe abin yake farawa? Ga mutum uku. Na farko an yi masa baftisma yana jariri, sunansa na cikin littafin ikilisiya, amma yau in ka tambaye shi zai ce maka bai yarda Yesu ya tashi daga matattu ba. Na biyu ya karanta Bishara shi kaɗai, ya ba da gaskiya, yana addu'a cikin sunan Yesu, amma ruwan baftisma bai taɓa shi ba, bai ma taɓa shiga sujada ba saboda tsoron danginsa. Na uku ya tashi a gidan masu bi, tun yana goye ake kai shi sujada, yana ƙaunar Ubangiji, amma ba zai iya nuna maka rana ko shekarar da ya karɓi Yesu ba. Wane ne Kirista a cikinsu? In kun ce na uku ma yana ciki, to tun yaushe?

Dauda: Ɗan'uwa Ishaku, Ubangiji da kansa ya amsa wa Nikodimu wannan a Yahaya 3:3: in ba a sāke haifar mutum ba, ba zai ga mulkin Allah ba. Na farko ba Kirista ba ne, ruwa kawai aka zuba masa. Na biyu Kirista ne. Na uku shi ne nake ji wa tsoro. Ni ma gidan masu bi na tashi, ina cikin mawaƙa, na haddace ayoyi, amma zuciyata tana wani wuri. Ranar da Ubangiji ya kama ni ina zaune a bencin baya ne, mai wa'azi yana karanta labarin ɗan da ya ɓace. Hannuna na rawa, na kasa ɗaga kai, na ji kamar an buɗe littafin zunubaina ana karanta mini. Na fita daga wurin nan wani mutum daban. Haihuwa tana da rana. Wanda bai san lokacin da ya fito daga duhu ba, ya bincika da kyau ko ya fito ɗin.

Mama Rifkatu: Dauda ɗana, na gode wa Allah saboda abin da ya yi maka, kuma ban raina shi ba ko kaɗan. Amma ni ce mutum na uku da Ishaku ya kawo. Ranar haihuwata ta jiki ma ban san ta ba, ba wanda ya rubuta. Za ka ce ba a haife ni ba ke nan? Ga ni ina numfashi, ga 'ya'ya ga jikoki. Haka bangaskiyata take. Ban tuna wani lokaci da ban san Yesu ya mutu domina ba. Na yi tuba iri-iri a rayuwata, wasu da hawaye, amma ba wadda zan ce kafinta ni baƙuwa ce a wurinsa. Ka karanta 2 Timoti 1:5. Bulus ya ce bangaskiyar Timoti ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, a 3:15 kuma ya ce tun yana ɗan ƙaramin yaro ya san Littattafai masu tsarki. Ina aka ba da labarin ranar tubar Timoti?

Dauda: Mama, ki gafarce ni, ba ke nake nufi ba. Amma Allah ba shi da jikoki. Bangaskiyar Loyis ba ta ceci Timoti ba, sai da ta zama tasa.

Mama Rifkatu: Na yarda sai ta zama tasa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dole sai ya san ƙarfe nawa ta zama tasa.

Katikis Yohanna: Bari in kawo yadda muke koyarwa a Katolika, domin na ga an yi saurin yanke wa na farko hukunci. Dauda, ka tsaya a aya ta 3, ka sauko zuwa aya ta 5: sai an haifi mutum ta ruwa da Ruhu. A wurinmu baftisma ita ce ƙofar shiga, kuma aikin Allah ne a cikinta, ba na jaririn ba, ba na mai zuba ruwan ba. Saboda haka na farko an riga an mai da shi ɗa, hatimin baftisma ba ya gogewa. Wannan ba ya nufin zai tsira in ya mutu cikin ƙin Almasihu. Ɗan da ya ɓace, wanda labarinsa ya taɓa ka, ɗa ne tun kafin ya bar gida, ɗa ne yana cikin kiwon aladu, amma da ya zauna can da yunwa ta kashe shi. Da ya dawo ba a sāke haifarsa ba, rungume shi aka yi. Idan na farkon nan ya tuba gobe, ba za mu sāke yi masa baftisma ba, zai je ya furta zunubansa ya koma teburin Ubangiji.

Fasto Bitrus: Katikis, ina girmama ka, amma uban yaron da kansa ya ce ɗana ya mutu, ga shi ya rayu. Matacce ya kira shi. Kuma tsarin da nake gani a Ayyukan Manzanni shi ne a ji Magana, a ba da gaskiya, sannan a shiga ruwa. A gidan Karniliyus, sura 10, Manzo Bitrus yana cikin magana Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa masu sauraro, ba a kai ga ruwa ba tukuna. Bayan haka ne ya ce wa zai hana su ruwa. Ɓarawon da ke kan gicciye a Luka 23 hannuwansa a kafe suke, ba baftisma, ba sadaka, ba ko mako ɗaya na zaman kirki, amma Yesu ya ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Sai ka juya ka dubi Siman mai sihiri a sura 8. An yi masa baftisma, yana bin Filibus ko'ina, amma da ya kawo kuɗi zai sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa ba ka da rabo a cikin wannan al'amari, zuciyarka ba daidai take a gaban Allah ba. Ga mai ruwa babu rabo, ga marar ruwa a Firdausi. Afisawa 2:8 ta ce ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya. Ni a nan nake tsaye.

Katikis Yohanna: Fasto, a surar nan ta 8 ɗin kuma Samariyawa sun yi baftisma da farko, sai daga baya Bitrus da Yahaya suka zo suka ɗora musu hannu suka karɓi Ruhu. Ka ga tsarin bai zama ɗaya a ko'ina ba. Sannan Lidiya da gidanta, mai tsaron kurkukun Filibi da dukan nasa, gidan Istifanas a Koranti, duk an yi musu baftisma gida guda. Ranar Fentikos Bitrus ya ce alkawarin naku ne da 'ya'yanku. Ɗan Ibrahim kwana takwas ake yi masa kaciya, ba a jira ya girma ya zaɓa ba, kuma Bulus ya haɗa kaciya da baftisma a Kolosiyawa 2:11-12. Game da ɓarawon, mu ma muna cewa ya tsira. Allah ya ɗaure mu da umarnin baftisma, amma bai ɗaure hannunsa da shi ba.

Fasto Bitrus: Ba inda aka ce akwai jarirai a gidajen nan. A gidan mai tsaron kurkuku an ce sun faɗa masa Maganar Ubangiji, shi da dukan waɗanda ke gidansa. Jariri ba ya sauraron wa'azi.

Malam Haruna: Ku ba ni dama in shigo da ɗan tarihi, domin wannan gardama ta girmi dukanmu, kuma in muka ga yadda magabata suka yi fama da ita za mu rage saurin korar juna.

Wajen shekara ta 200, wani marubucin Kirista, Tartuliyan na birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta cewa gara a jinkirta wa yara baftisma har su san Almasihu. Fasto zai ji daɗin wannan. Amma ba a ba da shawarar a bar abin da ba a yi, wato ke nan tun lokacin ana yi wa yara. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, a Kartaj ɗin dai, wani bishop ya tambaya ko a jira kwana takwas kamar kaciya. Kifriyan, bishop na birnin, da taron bishop-bishop 66 suka amsa cewa kada ma a jira kwana takwas ɗin. Katikis zai ji daɗin wannan.

Ga manya kuwa, ba a gaggauta musu ba. Akwai ikilisiyoyin da mai neman shiga yakan yi har shekara uku yana koyo, ana duba sana'arsa da zamansa, ana tambayar waɗanda suka kawo shi ko yana ziyartar marasa lafiya, ko yana kula da gwauraye. Yana shiga sujada ya ji karatu da wa'azi, amma in an zo Jibin Ubangiji sai a sallame shi. Irin wannan mutum, Kirista ne ko ba Kirista ba? Gwamnatin Roma dai ba ta tsaya tantancewa ba, in ta kama shi ya ƙi janyewa, kashe shi take yi a matsayin Kirista.

A ƙarni na 4 abin ya wuce gona da iri, mutane suka riƙa jinkirta baftisma da gangan don kada su yi zunubi bayanta. Sarki Kwanstantin, wanda ya kira babban taron bishop-bishop a birnin Nikiya a 325, sai a 337 aka yi masa baftisma, yana gab da mutuwa. Ambros yana gwamna, ba a yi masa baftisma ba tukuna, mutanen Milan suka zaɓe shi bishop a 374. Cikin mako guda aka yi masa baftisma aka naɗa shi. Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin ikilisiya, ya fi kowa rikitar da lissafi. An haife shi a 354, uwarsa Monika mai bi ce, an yi masa alamar gicciye tun yana jariri. Yana yaro ya yi ciwo mai tsanani ya roƙi baftisma da bakinsa, da ya warke aka ɗaga. Ya bar bangaskiya shekaru masu yawa. A 386, a wani lambu a Milan, ya buɗe Romawa 13:13-14 ya karanta, zuciyarsa ta juya. A Ista ta 387 Ambros ya yi masa baftisma. Dauda zai ce 386. Katikis zai ce 387. Shi Agustin kuwa, in ka bi yadda ya ba da labarin kansa, yana ganin hannun Allah a kansa tun yana shan nono, har ya ce sunan Almasihu ya sha shi tare da nonon uwarsa.

Abin da ya fi yi mini ciwo a tarihin nan shi ne birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. Ranar 21 ga Janairu 1525 wasu 'yan'uwa da suka gamsu cewa baftisma ta masu ba da gaskiya ce kawai suka yi wa juna baftisma a cikin gida. Bayan shekara biyu, ranar 5 ga Janairu 1527, hukumar birnin ta ɗaure ɗaya daga cikinsu, Feliks Manz, ta nutsar da shi a kogin Limmat. Masu karanta Littafi ɗaya ne suka yi wa ɗan'uwansu haka a kan tambayar da muke tattaunawa yau.

Hannatu: Malam, Allah ya saka. Ni tambayata ga Yaya Dauda ce. Manzo Bitrus yaushe ya zama Kirista? Ranar da ya bar tarunsa a bakin teku? Ranar da ya ce kai ne Almasihu Ɗan Allah Rayayye a Kaisariya Filibi? Bayan 'yan ayoyi kaɗan Yesu ya ce masa koma bayana, Shaiɗan. Ko ranar da zakara ya yi cara ya fita ya yi kuka mai zafi? Ko ranar Fentikos? Na rasa wadda zan ɗauka.

Dauda: 'Yar'uwa, zamanin Bitrus daban ne, ba a gicciye Yesu ba tukuna, Ruhu bai sauko ba. Ki dubi Bulus a hanyar Dimashƙu.

Hannatu: Bulus ɗin ma ya faɗi a hanya, ya yi kwana uku ba ya gani, ba ci ba sha, sannan Hananiya ya zo ya ce masa tashi a yi maka baftisma ka wanke zunubanka kana kira ga sunansa. Ayyukan Manzanni 22:16. A kwana ukun nan me yake?

Dauda: To. Amma ku fahimci abin da ke damuna. Majami'u cike suke da Kirista na suna. Mutum yana ganin tunda iyayensa masu bi ne, an yi masa baftisma, yana ba da baiko, shi ke nan. In ba mu tambaye shi yaushe ya tuba ba, zai mutu cikin ruɗu. Jon Wesli, wanda Metodis suka samo asali daga gare shi, limami ne tun 1728, ya ƙetare teku zuwa Amurka don wa'azi, amma sai daren 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldasget a Landan, ya ji zuciyarsa ta ɗumama, ya tabbata Almasihu ya ɗauke zunubansa, nasa na kansa. In limami zai yi shekara goma yana wa'azi bai sami wannan ba, ina ga mu?

Malam Haruna: Gaskiya ne, Dauda, kuma damuwarka tana kan hanya. Sai dai shi Wesli da ya manyanta ya koma kan abin da ya rubuta game da kwanakinsa na kafin daren nan, ya ƙara bayani cewa a lokacin ma yana da bangaskiya, amma irin ta bawa ce, ba ta ɗa ba. Wato ranar da mutum ya sami tabbaci ba lalle ita ce ranar da Allah ya fara aiki a cikinsa ba. Sannan kiran mutane su fito gaba bayan wa'azi, yadda muka san shi, bai daɗe ba. A shekarun 1830 ne mai wa'azi Cals Fini ya yaɗa ajiye benci a gaba don masu neman tuba a Amurka, Bili Giraham kuma ya kai salon duniya a ƙarni na 20. Allah ya yi amfani da shi ƙwarai. Amma an yi ƙarni 18 ana samun Kirista kafinsa. Kuma akwai Kirista na suna a cikin masu fitowa gaba ma. Mutum zai riƙe katin da ya cika ranar taron farkawa kamar yadda wani ke riƙe katin baftismar jarirantakarsa, dukansu biyu zuciya babu kowa.

Saratu: Wannan na ƙarshe shi ne nawa. Duk kuna duban baya, kuna neman rana. Yesu ya ce, kamar itatuwa, da 'ya'yansu za ku san su. Ya ce ba duk mai ce mini Ubangiji, Ubangiji ne zai shiga ba. Ya ce ta haka kowa zai gane ku almajiraina ne, in kuna ƙaunar juna. Yaƙub ya ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Idan mutum ya ce ya tuba shekara ashirin da suka wuce amma matarsa na kwana da tsoronsa, yana danne albashin ma'aikatansa, ranar tubarsa me ta amfana?

Fasto Bitrus: 'Yar'uwa Saratu, na yarda, amma a yi hattara kada a juya abin. 'Ya'ya shaida ne cewa itacen na da rai, ba su ne ke ba shi rai ba. Akwai mutanen kirki ƙwarai da ba Kirista ba, kuma su da kansu ba za su so ka kira su Kirista ba. Akwai kuma sabon mai bi da har yanzu yake kokawa da giya ko zafin rai, yana faɗuwa yana tashi, kuma na Almasihu ne. Dole mu faɗi abin da ake gaskatawa. Bulus ya taƙaita shi a 1 Korantiyawa 15:3-4: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Romawa 10:9 ta ƙara: ka furta da bakinka Yesu Ubangiji ne. Wanda ke ganin Yesu babban malami ne kawai, ko annabi kawai, ina girmama shi a matsayin maƙwabci, amma wannan ba bangaskiyar Kirista ba ce.

Katikis Yohanna: A nan bakinmu ɗaya da Fasto. Furcin bangaskiyar da aka tsara a Nikiya a 325 aka kammala a Kwanstantinoful a 381, shi muke furtawa kowace Lahadi, Katolika da Otodoks da Angilikan da Lutaran da sauransu da yawa.

Wani ɗan'uwa: Ku yi haƙuri ban sa sunana ba. Ni ne mutum na biyu. Ina karanta Bisharar Yahaya a waya da dare, na lulluɓe da bargo don kada hasken ya fita, in na gama in goge komai. Addu'a a zuci nake yi, bakina ba ya motsi. Na gaskata ya mutu domina, na gaskata ya tashi. Ban taɓa faɗa wa kowa da baki ba, wannan rubutun shi ne na farko. Fasto ya ce sai an furta da baki, Katikis ya ce baftisma ce ƙofa. In na mutu a daren nan, ina na tsaya?

Mama Rifkatu: Ɗana, sannu. Ka furta ai, ga shi mun karanta. Tun da na ga saƙonka nake yi maka addu'a, kuma ba zan daina ba.

Fasto Bitrus: Ɗan'uwana, da wannan sunan zan kira ka, ba kuma don in faranta maka rai ba. Yesu ya ce wanda ya zo gare ni ba zan kore shi ba ko kaɗan, Yahaya 6:37. Littafin da kake karantawa a ɓoye yana da irinka a ciki. Nikodimu da dare ya zo. Yusufu mutumin Arimatiya, sura 19 aya 38 ta ce almajirin Yesu ne amma a ɓoye saboda tsoro. Almajiri aka kira shi. Ranar da manzanni suka watse, su biyun nan ne suka ɗauki jikin Ubangiji suka binne. Kada ka yi gaggawar da za ta jefa ka cikin haɗari, amma kada ka zauna kai kaɗai har abada. Ka nemi mai bi ɗaya amintacce da za ku riƙa addu'a tare. Baftisma kuma ba sai da taro ba. Mutumin Habasha, ma'ajin sarauniya, a hanyar hamada aka yi masa, mai tsaron kurkuku da tsakar dare.

Katikis Yohanna: Amsarmu ma ba ta bambanta ba. Ikilisiya tun da daɗewa tana koyar da cewa wanda ya ba da gaskiya yana marmarin baftisma, mutuwa ta riga shi, marmarin nan tare da tubarsa ya isar masa. A shekara ta 203 an kama wata matashiya mai shayarwa, Farfetuwa, a Kartaj, tana cikin masu koyo, ba a yi mata baftisma ba tukuna. Mahaifinta ya roƙe ta ta janye, ta ce ba za ta iya kiran kanta da wani suna ba sai abin da take, Kirista. Bayan 'yan kwanaki aka yi mata baftisma tana tsare. Ta faɗi sunan kafin ruwan, kuma ba wanda ya taɓa cewa ta yi ƙarya.

Dauda: Ɗan'uwa, ina tare da kai. Matiyu 10:32 tana nan, wanda ya shaida ni a gaban mutane zan shaida shi a gaban Ubana. Lokacinta zai zo, Ubangiji zai ba ka ƙarfin hali. Amma kai kam ka fito daga duhu, ba na shakka.

Ishaku: Dauda, ka lura ba ka tambaye shi rana ba. Abin da yake gaskatawa yanzu ka duba, ka ce ɗan'uwa ne. Ni abin da na gamsu da shi ke nan, kuma shi nake so a yi wa Mama Rifkatu da irinta. Markus 4:26-29 na ba ni ƙarfi: mutum ya watsa iri, yana barci yana tashi, irin ya tsiro ya girma, shi bai san ta yaya ba. Amma ban yarda a ce baftisma ado ba ce. A Ayyukan Manzanni muna ta ganin masu ba da gaskiya suna shiga ruwa, sau da yawa ma a ranar. Mai bi da ya sami dama ya ƙi, da sauran magana a kansa.

Hannatu: To ga tawa matsalar. An yi mini baftisma ina jaririya. Na yi nisa da Ubangiji lokacin da nake makaranta, daga baya ya dawo da ni. Ikilisiyar da nake zuwa yanzu sun ce sai na shiga ruwa kafin in zama cikakkiyar mamba. Mahaifiyata ta yi kuka da na faɗa mata, ta ce ina nufin abin da suka yi mini banza ne. Me zan yi?

Katikis Yohanna: 'Yata, Afisawa 4:5: Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. In an yi miki da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, an yi ke nan. Mu ko daga wata ikilisiya mutum ya zo da irin wannan baftisma, ba ma sākewa. A taron Lima na ƙasar Peru a 1982, wakilan ikilisiyoyi da yawa sun amince a guje wa duk abin da zai yi kama da sāke baftisma. Ke kika yi nisa, alkawarin Allah bai motsa ba. Martin Luta ma ya koyar da cewa tuba ta kullum komawa ce ga baftismar da aka riga aka yi. Ki tsaya gaban jama'a ki sabunta alkawarin da aka ɗauka a madadinki.

Fasto Bitrus: Ni a wurina ba sākewa ba ce, domin ban ga ta farkon a matsayin baftismar Sabon Alkawari ba. A Afisa, Ayyukan Manzanni 19, Bulus ya sami mutum wajen 12 da aka riga aka yi musu baftisma, ya yi musu cikin sunan Ubangiji Yesu.

Katikis Yohanna: Ta Yahaya Mai Baftisma aka yi musu, Fasto, ba ta Almasihu ba. Ko labarin Ruhu Mai Tsarki ba su taɓa ji ba.

Fasto Bitrus: Haka ne, kuma a nan ba za mu daidaita ba yau. Amma Hannatu, ki ji ni da kyau. Ba na cewa ke ba Kirista ba ce har sai kin shiga ruwa. Kada kuma ki shiga don neman katin mamba, ko don wani ya matsa miki. Ki zauna da Romawa 6 da Ayyukan Manzanni, ki karanta da addu'a. In lamirinki ya gamsu da ta jarirantaka, ki faɗa wa dattawan ikilisiyarku a fili, in ba su karɓa ba akwai ikilisiyoyin da za su karɓe ki haka. In kuma kin gamsu Ubangiji na kiranki ki shiga, ki je wurin mahaifiyarki tukuna. Ki gode mata don ta miƙa ki ga Allah tun ba ki san komai ba, ki gaya mata addu'ar da ta yi a ranar ce Allah ya amsa, ki roƙe ta ta zo ta tsaya a bakin ruwan ta riƙe miki zane.

Hannatu: Na gode, Baba. Zan fara da mahaifiyata kafin in je wurin dattawa.